Gandu ko Gayauna? Tarihin Rabon Ma'adinan Ƙasan Teku

Mai karatu, idan a Dutse ka tashi kamar ni, to mai yiwuwa ruwa mafi faɗi da ka taɓa gani shi ne dam ɗin Warwade, ko kogin Haɗejiya idan ya kawo a ƙarshen damina. Daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota. Saboda haka idan na ce yau zancen teku za mu yi, ba zan yi mamaki ba in ka ce, "To mu ina ruwanmu?"

Da ruwanmu kuwa. Duk wata idan aka zauna a Abuja aka raba kuɗin asusun tarayya, kaso mai tsoka na abin da yake zuwa Jigawa kuɗin man fetur ne, kuma wani ɓangare na wannan man daga ƙarƙashin teku aka zuƙo shi. Rijiyoyin Bonga kawai, waɗanda suka fara aiki a 2005, suna can kimanin kilomita 120 daga gaɓa, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000. Ka ga kenan albashin malamin firamare a Kiyawa da kwaltar da aka shimfiɗa zuwa Jahun duk akwai gishirin teku a cikinsu. Tambayar da za mu bi tarihinta ita ce: wa ya yanke cewa wannan ɓangare na ƙasan teku na wane ne, wancan kuma na kowa da kowa?

Don mu gane zancen, bari in ari tsarin noma na gidan kakana. Akwai gandu, babbar gonar da kowa a gida yake nomawa tare, amfaninta ya shiga rumbu ɗaya a ci tare. Akwai kuma gayauna, 'yar gonar da ake yankar wa mutum, abin da ya samu a ciki nasa ne shi kaɗai. Rigimar ƙasan teku tun daga 1945 har yau ba ta wuce wannan ba: ina gayauna ta tsaya, ina gandu ya fara, kuma wa yake riƙe da makullin rumbu.

Lokacin da teku ba shi da mai shi

Shekaru aru-aru abin da ya dami sarakunan Turai shi ne saman ruwa, wato hanyar jiragen fatauci da kamun kifi. A 1609 wani masanin shari'a ɗan Holan mai suna Hugo Grotius ya kafa hujjar cewa teku hanya ce ta kowa, babu sarkin da zai ce nasa ne. Daga baya aka saba da cewa kowace ƙasa tana da ikon mil 3 daga gaɓarta, gwargwadon nisan da igwa za ta iya harbi daga tudu. Abin da yake can ƙasa cikin duhu kuwa babu wanda ya damu da shi, don babu mai iya kaiwa.

A 1872 jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya fita zagayen duniya na kusan shekara huɗu. A farkon 1873, kusa da tsibiran Kanari daura da gaɓar Afirka, kayan yasar jirgin suka ciro wasu baƙaƙen duwatsu daga ƙasan teku, kuma aka ci gaba da samun irinsu a sauran manyan tekuna. Curi-curi ne, yawanci girman dankalin turawa, a warwatse a kan laka kamar an yi shuka. Da aka auna, sai aka ga manganis ne da baƙin ƙarfe, haɗe da nikel da jan ƙarfe da kobal.

Yadda suke samuwa abin mamaki ne. Ɗan wani abu mai tauri, kamar haƙorin kifin shak ko ɓarɓashin dutse, shi yake faɗawa ƙasa, sai ma'adinan da suke narke a cikin ruwa da laka su riƙa liƙe masa a hankali, bawo a kan bawo kamar albasa. Kaurin da suke ƙarawa bai wuce 'yan milimita ba a shekara miliyan ɗaya. Wanda zai cika maka tafin hannu ya fara girma tun kafin a yi ɗan Adam irinmu a doron ƙasa. A wancan lokaci dai an kai su gidan tarihi an ajiye, shi kenan.

Wasoso ya fara

Man fetur ne ya sauya kiɗan. Ranar 28 ga Satumba 1945 shugaban Amurka Harry Truman ya shelanta cewa duk arzikin da yake kwance a dakalin nahiyar da ke gaban ƙasarsa na Amurka ne. Abin da na kira dakalin nahiya shi ne inda ƙasa ta miƙe ta shige cikin ruwa ba zurfi sosai, kamar dakalin ƙofar gida, kafin ta gangara can cikin kwarin teku. A nan mafi yawan man teku yake. Da Amurka ta yi haka sai kowa ya ɗauki fartanyarsa. A 1947 Chile da Peru suka ce nasu ya kai mil 200, a 1952 kuma suka haɗu da Ekwado suka tabbatar da hakan a Santiyago.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro a Janeba a 1958 don a tsayar da iyaka. Aka rubuta cewa dakalin ƙasa ya kai inda zurfin ruwa yake mita 200, ko kuma ya zarce har inda ake iya haƙowa. Duba wannan "ko kuma" ɗin da kyau. Tamkar maigari ne ya ce iyakar gonar kowa ita ce inda garmarsa ta iya kaiwa. Mai tarakta ai sai ya haɗa har da burtali, mai fartanya kuwa ya tsaya a bakin kunyarsa. Da a ce wannan doka ta ɗore, da ƙasashe biyar ko shida masu manyan jirage sun yi babakere a ƙasan tekun duniya.

A 1965 wani masani Ba'amurke, John Mero, ya wallafa littafin da ya nuna cewa waɗannan curi-curi suna da yawan da zai ishi masana'antu ƙarnuka. Kamfanoni suka fara lissafi. Har hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fake da wannan zumuɗi a 1974: ta tura wani makeken jirgi da sunan attajiri Howard Hughes wai haƙar ma'adinai zai yi a tekun Fasifik, alhali wani jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyet mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, wanda ya nitse a 1968, suke son cirowa. Mutane da yawa suka gaskata, suka ɗauka haƙar ta kusa.

Ƙaramar ƙasa ta miƙe tsaye

Ranar 1 ga Nuwamba 1967 jakadan Malta a Majalisar Ɗinkin Duniya, Arvid Pardo, ya yi jawabi na sama da awa uku. Malta ɗan tsibiri ne da bai fi shekara uku da samun 'yanci ba. Abin da ya nema shi ne a ɗauki ƙasan tekun da ya wuce iyakar kowace ƙasa a matsayin gadon bil'adama baki ɗaya: kada wata ƙasa ta mallake shi, kada a girke makamai a cikinsa, amfaninsa kuma a raba tare da fifita matalauta. Wato gandu. Ƙasashen Afirka da Asiya da suka fito daga mulkin mallaka sun san wasoson da aka yi da ƙasarsu a Balin a 1884, don haka suka rungumi maganar. A Disambar 1970 Babban Zauren Majalisar ya amince da ita da ƙuri'a 108, babu ko ɗaya da ta ƙi, 14 suka ƙaurace.

Daga 1973 zuwa 1982 aka yi ta zaman rubuta dokar teku, kuma 'yan Afirka ba 'yan kallo ba ne a wannan zama. Paul Bamela Engo na Kamaru shi ya shugabanci kwamitin da ya tsara sha'anin ƙasan teku. Shawarar a ba kowace ƙasa mai gaɓa yankin tattalin arziki na mil 200 kuwa, Frank Njenga na Kenya ne ya fito da ita, aka kuma tattauna takardarta a wani taron masana shari'a na Afirka da Asiya a Legas a 1972.

Ga yadda aka yi rabon a yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Montego Bay ta Jamaika ranar 10 ga Disamba 1982. Mil 12 na farko daga gaɓa tamkar cikin gidan ƙasa ne. Har zuwa mil 200, wato kimanin kilomita 370, kifi da mai da ma'adinai na ƙasar ne ita kaɗai. Idan ta kawo hujjar kimiyya cewa dakalinta ya zarce haka, ana iya ƙara mata, galibi zuwa mil 350. Duk waɗannan gayauna ne. Abin da ya rage, wanda ya haura rabin ƙasan tekun duniya, shi ne gandu, aka kuma kafa masa hukuma mai suna ISA a birnin Kingston.

A nan akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Kusan duk man fetur da iskar gas na teku a cikin gayauna suka faɗa. Ƙasashen da ba su da gaɓa, irin su Nijar da Chadi da Mali, sun yi ta fafutukar a sa su a ciki, amma abin da suka samu shi ne damar wucewa da kaya zuwa tashar ruwa da kuma alkawarin rarar kifi. Ɗan'uwanmu da muke cin kasuwar Maigatari tare ba shi da ko ɗigo a man tekun Najeriya. Rabonsa yana can a gandu, inda zurfi ya kai mita 4,000, ga duhu, ga sanyi, ga nauyin ruwa da ya ninka na iskar da muke ciki sau 400.

Don kada masu ƙarfi su cinye gandun, sai aka yi wata dabara irin ta yara idan za su raba tsire: ɗaya ya yanka, ɗaya ya zaɓa. Duk kamfanin da yake son fili sai ya auno filaye biyu masu daraja ɗaya, hukuma ta ba shi ɗaya, ta ajiye ɗaya don kamfanin haƙa na ita hukumar ko don ƙasashe masu tasowa. Aka kuma wajabta wa kamfanoni su sayar wa wannan kamfani na kowa da fasaharsu.

Wannan ne bai yi wa Amurka daɗi ba. Shugaba Ronald Reagan ya ƙi sa hannu, Ingila da Jamus ta Yamma ma suka noƙe. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar a 1986, amma masu jirage da kuɗi suna waje. Sai a Yulin 1994 aka yi wata sabuwar yarjejeniya don a lallaso su: aka cire tilascin ba da fasaha, aka ce kamfanin hukuma ba zai yi aiki ba sai da haɗin gwiwar 'yan kasuwa, aka ba manyan ƙasashe ƙarfin taka wa hukunci burki. Dokar ta fara aiki ranar 16 ga Nuwamba 1994. Duk da wannan sassauci, har yau Amurka ba ta shiga ba.

Irin wannan rigima a cikin gida

Kada ka ɗauka abin na Turawa ne kawai. Mu ma mun yi namu, har Jigawa ta je kotu. Tsarin mulkin 1963 ya ɗauki dakalin da ke gaban kowane yanki a matsayin ɓangaren yankin, kuma a lokacin rabin kuɗin ma'adinai yankin da aka haƙo yake komawa. A 1971 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi dokar da ta mayar da kuɗin man teku hannun tarayya. Da tsarin mulkin 1999 ya ce a ba jihohin da ake haƙo mai aƙalla kashi 13 cikin 100, sai tambaya ta dawo: man da yake cikin teku, a wace jiha yake?

Ranar 5 ga Afrilu 2002 Kotun Ƙoli ta ce iyakar jihohi takwas masu gaɓa ta tsaya a inda ruwa yake janyewa ya tsaya, abin da ya wuce nan na tarayya ne. Akwa Ibom, wadda kusan duk manta na teku ne, ta ji jiki sosai. Aka koma teburin siyasa, a 2004 Shugaba Obasanjo ya sa hannu a dokar da ta ce man da aka haƙo inda zurfi bai wuce mita 200 ba za a lissafa wa jihar da ke gaɓar. Jihohin Arewa 19, har da Jigawa a zamanin Gwamna Saminu Turaki, tare da Oyo da Osun da Ekiti, suka ƙalubalanci dokar, amma a ƙarshen 2005 kotu ta kori ƙarar. Ka lura, mita 200 ɗin nan ita ce dai ta taron Janeba. Layin da babu wanda ya taɓa gani da ido shi yake ƙara ko rage abin da yake isowa Dutse. Kuma matsayin da Jigawa ta tsaya a kai a gida shi ne wanda Nijar ta tsaya a kai a duniya.

Akwai inda aka zaɓi sulhu. Najeriya da tsibirin Sao Tome sun kasa daidaitawa a kan iyakar ruwansu, sai a Fabrairun 2001 suka ajiye maganar iyaka, suka mayar da wurin gandun haɗin gwiwa: Najeriya kashi 60, Sao Tome kashi 40. Da Kamaru kuwa sai da aka je Kotun Duniya, wadda ta ba ta Bakassi a Oktoban 2002, abin da ya jawo Kuros Riba ta rasa rijiyoyin mai 76 a hukuncin Kotun Ƙoli na 2012.

Gayaunarmu ma ta ƙaru kwanan nan. Najeriya ta miƙa hujjojinta tun 2009, a 2023 kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince mata da ƙarin murabba'in kilomita 16,300 bayan mil 200, wato sama da kashi biyu bisa uku na faɗin Jigawa. Ba da bindiga aka samo shi ba, da awon kaurin laka da taswirar ƙasan teku aka samo shi. Sai dai da sharaɗi. Sashe na 82 na dokar teku ya ce duk ƙasar da ta haƙi arziki a irin wannan ƙari, bayan shekara biyar na farko za ta biya kashi 1 cikin 100, yana ƙaruwa duk shekara har ya tsaya a kashi 7, a raba ta hannun ISA tare da fifita matalautan ƙasashe da marasa gaɓa. Nijar, wadda ta shiga yarjejeniyar a 2013, tana cikin masu jiran wannan.

Ina aka kwana yau?

Batirin waya da na motar lantarki suna cin nikel da kobal da manganis, don haka idon duniya ya koma kan curi-curin Challenger. Inda suka fi yawa shi ne wani yanki na Fasifik tsakanin Hawai da Meziko mai suna Clarion-Clipperton, faɗinsa ya kusa ninka Najeriya sau biyar. ISA ta ba da kwangilar bincike kusan 30. Sin tana da biyar, Rasha da Indiya da Koriya ta Kudu da Japan da Jamus da Faransa duk suna ciki. Babu ko ɗaya da wata ƙasar Afirka ta tsaya wa. Filayen da aka ajiye wa masu tasowa kuwa, wasu daga ciki sun tafi hannun kamfanin Kanada The Metals Company ta hanyar ƙananan tsibirai irin su Nauru, wadda mutanenta ba su kai 13,000 ba.

A Yunin 2021 Nauru ta yi amfani da wani sashe na doka ta ba hukuma wa'adin shekara biyu ta kammala ƙa'idojin haƙa. Wa'adin ya wuce ba a gama ba, don ba a daidaita a kan nawa kamfani zai biya da yadda za a raba ba. Sai a Afrilun 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin Amurka ta fara ba da izinin haƙa da kanta ƙarƙashin wata dokarta ta 1980, kamfanin na Kanada kuma ya garzaya ya nema. Ka ga an kama hanyar komawa zamanin mai tarakta.

Mu masu kimiyya muna da tamu damuwar. Wani nazari da aka fitar a 2023 ya ƙirga nau'in halittu sama da 5,000 a wancan yanki, kusan kashi 90 cikin 100 ba a ma raɗa musu suna ba, kuma da yawansu a jikin curi-curin suke rayuwa. A 1989 masanan Jamus suka ja garma a ƙasan teku daura da Peru don gwaji. Da aka koma bayan shekara 26, sawun garmar yana nan raɗau, halittun wurin kuma ba su gama farfaɗowa ba. Shi ya sa ƙasashe sama da 30 suke cewa a dakata tukuna. Ga kuma wani lissafi da ya shafi Afirka kai tsaye: Kwango ce take samar da kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya, Afirka ta Kudu da Gabon da Gana kuma suna sayar da manganis. Idan na teku ya cika kasuwa farashi ya karye, abin da za a ba mu daga rumbu zai iya kasa abin da muka rasa.

To, mai karatu, ga inda tarihin ya kawo mu. A takarda kana da gado a ƙasan Fasifik daidai da mutumin Tokyo, amma shekara sama da 50 bayan jawabin Pardo ko sisin kwabo bai shiga rumbun ba. Duk inda muka samu wani abu a wannan tafiya, a Legas a 1972 ko a ƙarin dakali na 2023, mutanenmu ne suka zauna a wurin da takardu da alƙaluman awo a hannu. A gidan kakana ma haka abin yake, ranar da ake auna hatsin gandu babu mai tafiya kasuwa.

Don haka ƙanina ko ƙanwata da ke karanta ilimin duwatsu, ko sinadarai, ko halittu, ko shari'a a Dutse, kada nisan teku ya sa ka ɗauka wannan fage na 'yan bakin ruwa ne. Engo da Njenga lauyoyi ne, ba masunta ba. Mafi yawan aikin ma a ɗakin gwaji da gaban kwamfuta ake yin sa, ISA kuma tana da tsarin horar da matasan ƙasashe masu tasowa a jiragen bincike, wanda doka ta ɗora wa kowane kamfani mai kwangila. Ana tallata guraben a shafinta na intanet, kuma ɗan Jigawa yana da damar nema kamar kowa.

A rubutu na gaba, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake auna zurfin teku da sauti, da yadda aka gane inda dakalin Najeriya ya tsaya. Sai mun haɗu.